Jirgin da Tihana Ta Sani

Tihana ta dubi tikiti biyun da saurayinta Frane ya ajiye kusa da gahawarta, da zoben da ya ɗora a kai. Tana karanta sunan jirgin ruwan, annurin fuskarta ya ɗauke.

"Jamaika, Barbados, ga rana ga kwakwa," in ji Frane yana washe baki. "Mu gudu daga sanyin garin nan namu na Split, mu ci amarcinmu a cikin jirgin."

"Frane, a wane jirgi na yi aiki?"

Ya sosa ƙeya. "Wani babba dai."

"Wannan ne! Shekara bakwai ina gyara wa mutane gado a cikinsa, ina wanke banɗaki, ina naɗe tawul kamar agwagwa don su yi dariya. Sau nawa na ba ka labarin nan? Ashe kai kawai kake gyaɗa min!"

"To ai wannan karon ke za a yi wa hidima."

"Wa zai yi min? Abokiyar aikina Marisol, da muka shekara uku muna kwana ɗaki ɗaya? In miƙe ƙafa ta zo ta kwashe min shara?"

Kunnuwan Frane suka yi ja. Ya miƙa hannu a sanyaye zai tattara kayansa, sai ta dafe zoben.

"Wa ya ce ka taɓa wannan? Tikitinka za ka ɗauke. Gyara zama in sake ba ka labarin tun daga farko, kuma yau sai ka maimaita min."