Mijin Rabin Shekara

Lachlan ya ɗaure amyarsa ta ƙarshe a bayan mota, ya juyo ga Rowena marubuciya, wadda ke tsaye a ƙofar bukkarta da ke kan dutse. Nan da 'yan kwanaki ƙanƙara za ta toshe hanyar dutsen.

"Ki biyo ni birnin Hobart mu yi aure," ya ce, idonsa a kan igiya. "Ɗaki guda naki ne, ko tari ba zan yi ba."

"Kai da kake hira da ƙudan zuma?" Ta yi murmushi. Duk littattafanta a nan ta rubuta su, cikin sanyi, ba mai ƙwanƙwasa mata ƙofa. "Ba zan sauka ba, Lachie."

Ya buɗe mota.

Ta ce, "Amma auren ina so. Ka hauro da ƙudan zumarka in itatuwa sun yi fure, ku sauka in sanyi ya kama."

"Mijin rabin shekara ke nan?"

"Ka fi son shekara cur da matar da ta daina rubutu?"

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya mayar da ƙofar motar ya rufe, ya nufo ta.