Zaren Laya a Hanyar Tsohuwar Fada

Tun a gadar katako na lura layar da na ɗaura wa Shunpei, saurayin da zan aura, a jaka ba ta nan. Zaren kawai ya rage, kuma da almakashi aka yanke shi. Muka ci gaba da hawa zuwa tsohuwar fada, ruwa na ruri a kwazazzabo ƙarƙashinmu.

Sai da hanya ta miƙe tsaye, ina riƙe da saiwar bishiya ina haki, sannan ya juyo.

"Chizuru, Mama ta ce ɗan fari ba ya barin sunan gidansu."

Ya san ni kaɗai babana ya haifa, kuma mijina ne zai ɗauki sunanmu ya gaji shagon shayinmu. Da bakinsa ya amsa wa Baba zai yi hakan, yana durƙushe, goshinsa a kan tabarma.

"Kai kuma me ka ce mata?"

Ya kalli takalminsa. "Kin san halinta."

"Yau na san naka. Shi ya sa ka zaɓi nan, inda haki ba zai bar ni in yi magana ba?"

"Haba, Chizu. Mu ƙarasa sama mu zauna."

"Ba da kai ba. Sauka, Mama na jiranka!"

Ni da ban taɓa ɗaga masa murya ba, sai da duwatsu suka amsa.

Na ƙarasa ni kaɗai. A gindin ganuwa na zauna, na cinye dunƙulen shinkafa biyun da na yi mana.