An Yi Mata Fenti

"Yallaɓai, a kulle shi!" Dossou ya daki tebur a ofishin 'yan sandan Kwatano, yana nuna Gbaguidi, wanda ya sayar masa da jar mota jiya. Ashe lambar injin da ke takardarta da shuɗin biro aka gyara ta.

"Haka na saye ta," in ji Gbaguidi.

"To a nemo ɓarawon farko, ya ruɓe a kurkuku!" in ji Dossou.

Sufeto ya bi tarin takardun cinikin da Dossou bai tsaya karantawa ba, har ta ƙasa. Ya yi murmushi.

"Sarkin gaskiya, ka taɓa sayar da farar mota?"

Dossou ya leƙa. Sa hannunsa ne, da shuɗin biron nan dai.

"Jan fenti ya karɓe ta, ko?" in ji Sufeto, yana laluben ankwa.