Gashin Jannat

Mardiya ce ta fara ganin Rahamatu da hantsi, durƙushe a bayan katanga, tana tona rami da hannun hagu. Da matar ta tafi, Mardiya ta tone wurin. Gashin 'yarta Jannat ne, wanda aka aske mata jiya saboda zafin kai, ƙulle a cikin tsumma.

Zubair ya daɗe yana kallon ƙullin a tafin hannun matarsa. Sati uku ke nan da dawowarsu Kurfi daga Fatakwal, inda ya yi shekara goma sha ɗaya, kwana shida kuma da kwanciyar 'yarsu. An kai ta asibiti a Dutsin-Ma, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka yi allura. Zazzaɓin bai sauka ba.

Ya san Rahamatu tun yana ƙarami, matar Malam Ashafa mai gyaran keke, gida biyu tsakaninsu. Gwaggo Rabi'atu ce ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsa, amma unguwa ce ta rene shi. Tuwo a gidan Tukur, wankin kai a gidan Inna, bulala kuwa a hannun duk wanda ya kama shi yana jifan mangwaro. Ranar da ya tambayi ina uwarsa, Gwaggo ta ce duk matan layin nan iyayensa ne, ya tashi ya ba ta wuri.

Duk matan, ban da ɗaya. Rahamatu ba ta taɓa aikensa ba, ba ta taɓa dukansa ba, ko sunansa bai taɓa ji a bakinta ba. In ya shiga gidanta, sai ta ja mayafi ta juya baya. Amma in ya waiwaya a hanya, yakan tarar da idonta a kansa.

Yanzu idon ya koma kan Jannat. Ranar da suka sauka, mata suka yi ta karɓar yarinyar hannu zuwa hannu. Rahamatu ta tsaya a bakin zaure, tana kallon yadda Jannat ke ɗaukar ƙuli-ƙuli da hagu. Tun daga nan kullum sai an aiko kwanon kunu, ba a faɗin daga ina. Mardiya ta bi sawun kwanon har gidan Ashafa.

"Mayya ce," in ji Mardiya. "Ta kama mini 'ya. Ko ta tsallake ta yau ta sake ta, ko mu wayi gari da gawa."

Zubair ya saɓa Jannat a kafaɗa, jikinta kamar garwashi. Kafin ya kai ƙofar Ashafa, 'yan acaɓa da masu shayi sun biyo shi. Dattawan da ke zaune gindin darbejiya suka miƙe, ba wanda ya haɗa ido da shi.

Ya shimfiɗe yarinyar a tabarma tsakar gida, ya jefa ƙullin gashin a gaban Rahamatu.

"Tsallake ta."

Ta ja mayafi, ta juya baya. A zaure wani ya sunkuya ya ɗauki dutse, na kusa da shi ma ya ɗauka.

"Me na yi miki? Shekara talatin, ko sunana ba ki iya faɗa ba!"

Sandar Gwaggo Rabi'atu ce ta raba taron. Ta shigo tana haki, ta ɗauki ƙullin daga ƙasa, ta kakkaɓe shi.

"Gashin yaro a bola ake barinsa, kowane mugu ya tsinta? Binnewa ta yi, yadda ta riƙa binne naka." Ta ɗaga sandar ta dungure masa ƙirji. "Kai Zubairu, a garin nan ka taɓa jin macen da ta kama sunan ɗanta na fari?"