Takalma a Layin Zaɓe

Shirun da mata suka yi ne ya fara tsorata ni. Ina ƙarama, na raka kakata Inna zaɓe a ƙauyenmu na Zango. Saboda rana, mata sun jera takalmansu a layi don su riƙe musu wuri, suna hira ƙarƙashin darbejiya. Sai ga samari da gorori bisa babura, suka sure akwatin ƙuri'a.

Muka arce ba takalmi, muka laɓe bayan rumbu. Inna kuwa tana dariya: "Dubi Talatu mai ciwon gwiwa, ta riga kowa!"

A zaɓen bana ma haka aka yi mana.

A waccan ranar ta ƙuruciyata, da aka kira La'asar, Inna ta leƙa, ta shafa kaina. "Fito, 'yar nan, sun tafi. Akwatin suke so, ba mu ba."