Rijiya Ta Ɗari Biyu da Sha Huɗu

Kowace Alhamis, da hantsi, na'ura mai ƙwaƙwalwa ta biron ruwa, wato ofishin ruwa na Tawa, takan fitar da jerin rijiyoyin da motar ruwa za ta bi. Kuma kowace Alhamis sai a ga lamba 214 zaune a ciki, kamar baƙon da ba a gayyata ba.

Shekarar 1985 ce, fari ya ci gari, gazuwal, man manyan motoci, ya yi wuya. Kaftin, sojan da ke riƙe da ofishin, ya riga ya yanke hukunci: duk tungar da ba ta kai gida talatin ba, a soke rijiyarta, mutanenta su tashi su koma sansani. An soke 214 sau bakwai. Sau bakwai ta dawo.

Sauda mai buga takardu ta fara zuwa aiki da laya a jaka. Ta ce hannun marigayi ne.

Marigayin shi ne Almustafa, wanda ya tsara cikin na'urar, mota ta kife da shi a hanyar Barmu bara. Abokinsa Alƙasum aka kira daga karatu a Dakar ya gaje kujerar. Tare suka tashi. Ranar da Alƙasum zai tafi ma, Almustafa ne ya riƙe masa jaka a tasha.

"Ga Innata nan can Tungar Ƙirya," in ji Alƙasum.

"Tahi abinka. Ina kula da ita, ko na mutu."

Suka yi dariya. Wata huɗu ke nan da dawowar Alƙasum, bai leƙa tsohuwar ba. Mutum mai digiri, ai aiki ya yi masa yawa. Saƙonta dai yana zuwa ta bakin 'yan kasuwa: lafiya lau suke, ba su rasa na sha ba.

Kaftin ya ajiye hularsa a kan tebur. "Mushe Alƙasum, in lambar ga ta sake hitowa, ku biyu za ni kulle, kai da aljaninka."

Alƙasum ba ya tsoron fatalwa, amma ya san launin bangon gidan kaso. Ya zauna ya buɗe aikin abokinsa, ya girgiza kai. Ƙwaƙwalwar na'urar kamar rumbu take, mai dubban gurabe, kowane da lambarsa. Almustafa, Allah ya jiƙansa, ya bar rumbun ba marfi. Kowane ɗan umarni sai ya zura hannu inda ya ga dama, ya ɗauka, ya ajiye, ba mai ce masa kanzil.

"Ba ka biɗar hannun?" in ji Sauda.

"Wa ka bin ɓera rami-rami? Toshewa a ka yi."

Kwana biyar yana gini. Ya yi wa rumbun ƙofa ɗaya tak, ya sa mata mai gadi mai tambaya uku: wane ne kai, wane gurbi kake nema, wa ya ba ka izini? Wanda ya amsa, mai gadin ne zai shiga ya ɗauko masa. Wanda ya kasa, a kore shi, a rubuta an kora. Aiki ne mai tsabta, shi da kansa ya faɗa, fiye da sau ɗaya.

Alhamis ta zo. Takarda ta fito, babu 214. Can ƙasa layi ɗaya: an ƙwanƙwasa, an hana. Kaftin ya ba shi hannu.

Alhamis ta biyu, an ƙwanƙwasa, an hana. Ta uku ma haka, daidai lokacin, ba gaggawa, ba fushi. Alƙasum ya daina dariya. Wani abu a cikin ƙarfen nan yana zuwa bakin ƙofarsa da haƙurin mai cika alkawari. 'Yan kasuwa kuma sun zo sun koma, ba saƙo.

Shi lambobi ya sani. Sunaye suna cikin tsohon rajista, a kabad ɗin Sauda, ba aikin mai digiri ba ne.

"Malama Sauda, wai ina ne ma 214 ɗin nan?"

Ta ɗauko littafin, ta lashi yatsa, ta bi layi a hankali.

"Gida tara ne kawai, arewa da Tabaram," ta ce. "Tungar Ƙirya."