Jarkar da Ba a Huda Ba

Babana, jiya da ka zo gaishe ni ka ce tun da aka ɗora ka a kan duba abubuwan da ka iya cutar da ma'aikata a jami'a, mutane sun fara sauya hanya in sun hango ka, wai ka cika sa ido. Ban ce maka komai ba don ga baƙi a ɗaki. Shi ne na ce bari in rubuta maka wani misali, ka karanta in ka sami sarari.

A wata jami'a an yi wani dattijo mai kula da ɗakin gwaje-gwaje, inda ɗalibai ke haɗa sinadarai. A jarkoki ake kawo sinadaran nan, farare tas, masu kauri, murfinsu ba ya yoyo, irin jarkar da duk macen da ta gani sai ta ƙyasa. To shi dattijon, duk jarkar da ta ƙare sai ya ɗauko ƙusa da guduma ya huda gindinta wuri uku, ya jera ta bayan ƙofa har motar kwashewa ta zo. Mata masu shara suka tsane shi a kan haka, suna cewa baƙin ciki ne kawai, shi bai amfana ba, bai bar talaka ya amfana ba. Har suna suka sa masa, Malam Ƙusa. Shi kuwa ba mai yawan magana ba ne. In sun roƙa sai ya ce ba kyau, ya wuce. Cikin matan akwai wadda 'yarta ta zo wankan gida, haihuwar fari. Ana gobe suna ta shiga shara, ta tarar an kira dattijon taro ya bar jarkoki bai kai ga hudawa ba. Ta ɗauki ɗaya ta rufe da hijabi. A ranta ba sata ta yi ba, ai abin yarwa ne. Da ta je gida ta wanke ta sau uku da omo da toka, ta kankare takardar jikinta mai hoton ƙoƙon kai, wanda ta zaci tambarin kamfani ne. Ta shinshina, ba wari. Da safe ta dafa zoɓo, ya ji citta da kanumfari, ta tace ta cika jarkar, ta tsoma ta a bahon ƙanƙara, sai la'asar in mata da yara sun taru.

Da dattijon ya zo da ƙusarsa a safiyar nan, ya ga jarka uku, alhali huɗu ya bari. Ya tambaya, aka yi ta noƙe-noƙe, daga baya wata ta ce ai wance na da suna yau. Bai kai ƙara ofis ba. Ya hau babur yana tambayar hanya unguwa-unguwa, bai sami gidan ba sai bayan azahar. Ya yi sallama ya tsaya a waje. Yana tsaye sai idonsa ya kai bakin kwatar da ruwan wanke-wanken gidan ke fitowa, ya ga 'ya'yan agwagwa uku a kwance, ƙafafu a sama. Matar ta fito tana rufe kunyarta da dariya, tun kafin ya yi magana ta ce ai ta wanke ta fes, har da toka. Sai ya nuna mata kwatar. Ta gan su tun asuba, ta ɗauka ciwon kaji ne ya shigo unguwa.

Ya ce, "Baiwar Allah, roba tana shan abin da aka zuba mata, toka ba ta fitar da shi. Akwai wanda ya sha?"

Babu. Amma da hantsi mai jegon ta roƙi kofi ɗaya, uwar ta ce ta dakata bai yi sanyi ba tukuna. Da ta tuna haka sai ta zauna a dokin ƙofa tana ta hamdala. Aka haƙa rami nesa da rijiya aka juye zoɓon, ya huda jarkar nan take ya ɗaure ta a bayan babur. Ran nan ruwan randa 'yan suna suka sha, suka koma gida suna cewa kakar jariri ta yi rowa. Ta ji, ko a jikinta, tana ta yi wa jikarta rawa. Shi ma dattijon bai tafi hannu rabbana ba, ya ɗauki nasa darasin. Washegari ya tara masu shara, ya nuna musu hoton ƙoƙon kan ya gaya musu abin da yake nufi, ya kuma nemi su yafe masa shekarun da ya yi yana cewa ba kyau bai taɓa faɗin dalili ba. Daga ranar, matar nan ita ke riƙe masa jarka yana bugun ƙusa, kuma ba ta shafa addu'a sai ta sa Malam Ƙusa a ciki.

Ni dai na gode wa Allah da Ya sa abincinka a irin wannan aiki, Babana. Ka riƙe ƙusarka, amma ka riƙa faɗin dalili. Masu kauce maka yau, wata rana su za su yi maka addu'a, domin Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.